Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban GAA: A Kawo Wa 'Ya'yanmu Malami Irin Brian Cody

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Wasannin Gargajiya ta Ayilan, GAA, Malam Jarlath Burns, da 'yan majalisarsa da ke Croke Park a Dublin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni uba ne, Bahaushe, mazaunin gundumar Longford. Ina magana da yawun wasu iyaye 'yan'uwana Hausawa da neman abinci ya kawo mu tsakiyar ƙasar nan, muka haifi 'ya'ya a cikinta, 'ya'yan suka tashi suka ga hurling, wasan gargajiyar Ayilan na sanda da ƙwallo, suka ce suna so. Da Hausa na rubuta, domin iyayen da nake magana da sunansu su karanta da idonsu abin da aka faɗa a madadinsu. Yaranmu za su karanta muku ita da Ingilishi. Na san ƙungiyar da ta ɗauki raya harshen Ayilan a cikin ayyukanta ba za ta ga laifin mutumin da ya kawo kukansa da harshen uwarsa ba.

Shekara shida na yi a Kilkenny kafin aiki ya dawo da ni nan. A can na fara ganin yara suna tafiya makaranta kowa da sanda a hannu, kamar yadda muke tafiya makarantar allo da allunanmu. Ɗana na fari yana da shekara shida wani malamin aji ya damƙa masa sanda, ya gyara masa riƙo, ya nuna masa yadda ake ɗaga ƙwallo daga ƙasa ba tare da an sa hannu ba. Ni a lokacin kallon ƙwallon gora nake yi wa abin. Sai a hankali na fahimci cewa mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, idan ƙwallo ta bi ta saman sandar raga maki ɗaya ne, idan ta shiga raga maki uku, kuma duk waɗannan zaratan da mutum sama da dubu 82 ke cika Croke Park don kallonsu ba a biyan ɗayansu albashi. Wannan na ƙarshen shi ya kama min zuciya. Ya tuna min da ɗan kokawa da ke shiga fili don sunan garinsu, ya kayar ko a kayar da shi, gobe ya koma gonarsa.

A Kilkenny ɗin nan ba a yini ba a ambaci sunan Brian Cody ba, kuma a kan rayuwarsa zan ɗora ƙorafina, don haka ka yi min haƙuri in ɗan tsaya a kanta, ko da yake ka fi ni saninta. Iyayen da za su karanta wannan takarda da yawansu ba su sani ba.

An haife shi a 1954. Ya tashi a kulob ɗin James Stephens, inda mahaifinsa ya daɗe yana hidima, ya yi sakandare a St Kieran's College, makarantar da ta fitar da 'yan wasa da ba sa ƙirguwa. A 1972 shi ne kyaftin na matasan Kilkenny da suka ci kofin ƙasa. Da ya shiga sahun manya, a baya yake tsayawa yana tare hanya. Ya ci kofin Liam MacCarthy, wato kofin ƙasa na manya, a 1975, ya ɗaga shi da hannunsa a matsayin kyaftin a 1982, suka sake ci a 1983. Da kulob ɗinsa ma ya ci kofin kulob-kulob na ƙasa sau biyu, a 1976 da 1982. Amma shekarar da na fi so a riƙa ba yara labarinta ita ce 1978. A shekarar an ɗauke shi daga baya an kai shi gaba, wurin da ba nasa ba, Cork ta doke Kilkenny a wasan ƙarshe, da suka dawo gida wasu daga cikin mutanen garinsu suka yi masa ihu. Bai ajiye sanda ba. Shekara huɗu bayan nan, a titunan garin nan ya wuce da kofi.

A ƙarshen 1998 aka ba shi horar da Kilkenny. Wasan ƙarshe na farko da ya kai su, a 1999, Cork ta cinye su da maki ɗaya tal. Daga nan sai abin da kowa ya sani: kofin ƙasa sau goma sha ɗaya, a 2000, 2002, 2003, sannan huɗu a jere daga 2006 zuwa 2009, sai 2011, 2012, 2014 da 2015. Kofin lardin Leinster sau goma sha takwas. A wasan ƙarshe na 2008 sun ba Waterford ratar maki 23, wasan da har yau tsofaffi ke cewa ba su ga irinsa ba. A 2010 Tipperary ta tare su a ƙofar na biyar a jere, Lar Corbett ya zura musu uku a raga, aka ce zamaninsu ya wuce. Shekara na zagayowa suka karɓe kofin daga hannun Tipperary ɗin. A 2013 aka yi masa aikin zuciya, ya warke ya dawo gefen fili da hularsa. Ya sauka a Yulin 2022, kwanaki kaɗan bayan Limerick ta doke su da maki biyu a wasan ƙarshe, bayan kaka 24 yana riƙe da tawagar. Da ya sauka bai nemi kujera ba, kulob ɗinsu na unguwa ya koma yana taimakawa.

Wannan shi ne lissafin da jaridu ke yi. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne cewa a mafi yawan shekarun nan mutumin nan malamin firamare ne. A makarantar St Patrick's De La Salle da ke cikin garin Kilkenny ya koyar, har ya zama shugabanta. Wanda ke tsara wa Henry Shefflin da Tommy Walsh da J.J. Delaney wasa ranar Lahadi, shi ne ranar Litinin ke tsaye gaban yara 'yan shekara takwas da alli a hannu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Michael Cusack, wanda ya kira taron Thurles da aka kafa wannan ƙungiya a 1884, malami ne. John Kiely, da ya kai Limerick ga kofi biyar tsakanin 2018 da 2023, shugaban makaranta ne. Kai kanka, ranka ya daɗe, daga ofishin shugaban makaranta a Bessbrook ka zo wannan kujera. Ba sai na koya maka cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba. Hurling wasa ne na hannu da ido, wanda bai riƙe sanda yana ƙarami ba da wuya ya kamo tsaransa. Kofi 36 da Kilkenny ke taƙama da su a harabar makarantun firamare aka fara ƙera su.

To ga ƙorafinmu na farko, kuma shi ne babba. Yaranmu a nan ba su da wannan malamin. Ranar da muka baro Kilkenny ɗana yana da shekara tara. Sabuwar makarantarsa mai kyau ce, malamanta mutanen kirki ne, amma babu ɗaya a cikinsu da ya taso da sanda a hannu, kuma ba laifinsu ba ne. Akan turo mai horarwa ya yi 'yan makonni ya wuce wata makarantar, sai kuma baɗi. Yaron da a can yake buga ƙwallo kullum kafin a shiga aji da lokacin tara, a nan ya koma shi da bangon bayan gida. Na sha tsayawa a taga ina kallonsa yana dukan bango, hagu da dama, har magariba ta faɗi. Yanzu yana da shekara goma sha uku. Tawagar tsararsa sai an haɗo yara daga unguwanni da dama kafin a cika ta, kuma sau da yawa mun yi tafiyar kusan awa guda a mota mu tarar an fasa wasa saboda ɗaya ɓangaren bai cika ba. Abokansa uku da suka fara tare duk sun koma ƙwallon ƙafa, inda wasa ba ya yankewa. Shi ma kwanan nan ya fara ce min, Baba, ko in bari ne? Ban ba shi amsa a take ba, domin amsar ba a hannuna take ba.

Wannan ya kai ni ga abin da ya faru a ƙarshen 2023, wanda har yanzu bai bar zukatanmu ba. Wani kwamitin ƙungiya ya kawo shawarar a cire gundumomi biyar, Cavan, Fermanagh, Leitrim, Longford da Louth, daga gasar lig ta ƙasa, a kan cewa kulob ɗinsu na manya ba su kai biyar ba, a karkatar da kuɗin zuwa renon yara. Na san an janye shawarar bayan da 'yan wasa da magoya baya suka yi ca. Na kuma yarda cewa masu shawarar ba mugunta ce ta sa su ba. Amma yaro ba ya karanta rahoton kwamiti. Abin da ya ji shi ne rigar gundumarsa, wadda yake mafarkin sawa, tana cikin abubuwan da za a iya naɗewa a ajiye idan kuɗi ya yi kaɗan. Longford ta ci kofin Lory Meagher a 2010 da 2014. Kofi ne na mataki na biyar, amma sunan gwarzon Kilkenny yake ɗauke da shi, kuma a Croke Park ake ɗaga shi. Mutanen da suka riƙe wasan nan a irin waɗannan wurare, 'yan tsiraru da ke zuba man motarsu da lokacin iyalinsu, sun cancanci a tambaye su me suke buƙata kafin a yanke musu hukunci daga Dublin.

Ban manta alheri ba. Martin Fogarty, wanda ya yi shekaru yana gefen Cody a matsayin mataimaki, ya riƙe aikin bunƙasa hurling na ƙasa daga 2016 zuwa 2021, ya zaga lunguna, a zamaninsa aka kafa gasar Táin Óg da ta ba yaran ƙananan gundumomi damar ƙetare iyaka su sami abokan karawa. Ɗana ya ci moriyarta. Sai dai bayan tafiyarsa kujerar ta zauna babu kowa shekara da shekaru, kuma shekara uku a rayuwar ɗan firamare ba ƙaramin lokaci ba ne. Mun ga kwamitin da ka kafa bayan hawanka, mun ga naɗin William Maher a matsayin shugaban hurling na ƙasa a 2025, mun yi murna. Abin da muke jira shi ne mu ga sawun aikin a harabar makarantar unguwarmu.

Na biyu, ƙofar kulob. Hurling gado ne. Uba ya buga, ya saya wa ɗansa sanda tun yana rarrafe, kawu ne mai horarwa, kaka ce ke dafa shayi bayan wasa. Wannan shi ne ƙarfin wasan, Cody kansa ɗan irin wannan gidan ne. Amma abin da ya zama ƙarfi ga ɗan gida shi ne katanga ga baƙo. Mu ba mu da kakan da ya buga. Ba mu san wa ake tambaya ba, ba mu san tsawon sandar da ta dace da yaro ba, ba mu san cewa kulob na unguwa ne, kowane yaro na da haƙƙin shiga ba. Da yawa daga cikin matanmu sun ga yara na kaɗa sanduna a sama sun ce Allah ya kiyaye, ba da ɗana ba, domin babu wanda ya zauna ya bayyana musu cewa tun 2010 doka ta wajabta hular kwano mai kariyar fuska a kowane mataki. Kuma hular nan da sandar da ke karyewa ba kyauta ba ne. Itacen da ake sassaƙa sandar da shi cuta ta kama shi a ƙasar nan tun 2012, abin yana ƙara wuya. Gidan da ke da yara huɗu, uba na aikin dare a masana'antar nama ko gidan kula da tsofaffi, idan aka ce ya zaɓa tsakanin wasan da takalmi kawai yake buƙata da wanda sai an sayi kaya, an san wanda zai zaɓa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suke manya a wurinmu. Azumin watan Ramadan yana zagayawa, yakan faɗo a tsakiyar kakar wasa. Yaron da ya fara azumi ya je atisaye da yamma bai sha ruwa ba tun asuba, idan ya yi sanyi sai a ɗauka lalaci ne, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. 'Yata tana son camogie, wasan mata, kuma tambayar farko da mahaifiyarta ta yi ita ce ko za a bar ta ta sa dogon wando da ɗankwali a ƙarƙashin hula. Mai horar da su ta ce ita ba ta ga matsala ba, amma ba ta san abin da alƙalin wasa zai ce ba. Na san ƙungiyar camogie daban take, amma tunda ana shirin haɗe ta da GAA da ƙungiyar ƙwallon ƙafar gargajiya ta mata a 2027, kuma a 2025 mun ga yadda 'yan wasa mata suka tsaya a kan batun tufafinsu har aka sauya doka, wannan tambaya ma ta cancanci amsa a rubuce.

Na uku, kallo. Gani ya kori ji. Yaron Kilkenny yana iya takawa zuwa Nowlan Park, filin wasan gundumarsu, ya ga gwanaye da idonsa, a zamanin Cody har atisaye mutane kan cika don kallo. Yaron Longford talabijin ce Nowlan Park ɗinsa. A 2023 wasan da Clare ta doke Limerick, da wanda Cork da Tipperary suka tashi kunnen doki, duka na gasar lardin Munster, an sa su a tashar intanet ta GAAGO, sai mai biyan kuɗi. A Mayun 2024 haka aka yi da wasan Cork da Limerick a Páirc Uí Chaoimh, wanda Patrick Horgan ya zura bugun fenareti a ƙarshensa, wasan da har shugaban gwamnati na lokacin ya yi magana a kan ɓoye shi. Yanzu sunan ya koma GAA+, tsarin yana nan. Na ji hujjar ƙungiya, cewa tashar ƙasa ba za ta iya nuna komai ba, kuma kuɗin yana komawa cikin wasa. Hujja ce mai nauyi. Amma wanda zai biya kuɗin shekara don kallon hurling shi ne wanda ya riga ya kamu da son sa. Gidajenmu ba su kai nan ba. A gidajenmu wasan yana gasa ne da ƙwallon Ingila da ke kan kowace waya. A 2018 UNESCO ta sa hurling cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin da aka ce gadon duniya ne, bai kamata mafi daɗin wasanninsa su zama sai mai kati ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi min nauyin faɗa. A watan Afrilun 2023, a wasan sada zumunci na tara kuɗin taimako tsakanin Tipperary da Wexford, wani ɗan kallo ya jefi ɗan wasan Wexford Lee Chin da kalaman wariyar launi, har aka tashi wasan. Lee Chin, wanda ya ɗaga kofin Leinster a 2019, ɗan Wexford haihuwa da tashi. An hukunta mutumin, na yaba. Amma wancan an ɗauka a waya, duniya ta gani. Wanda ba a ɗauka ba fa? Wata Asabar, a wani fili da ba zan ambata ba, ɗana ya kama ƙwallo a sama ya wuce yaro biyu, wani babba a bayan shingen fili ya faɗi wata kalma a kan fatarsa. Na ji, ɗana ya ji, alƙalin wasa yana can nesa. Mai horar da su ya zo ya dafa kafaɗata ya ba ni haƙuri, na ga ransa ya ɓaci da gaske, amma shi ma bai san wa zai kai wa ƙara ba, kuma ni ban so a ce baƙo ya zo yana tada fitina. A mota yaron bai ce uffan ba har gida. Na yi shiru a ranar, kuma shirun nan yana cikin abubuwan da suka sa na ɗauki alƙalami yau.

Ba mu ne farkon baƙi a wasan nan ba, kuma tarihinku ya nuna abin da ke faruwa idan aka buɗe ƙofa. Seán Óg Ó hAilpín an haife shi a tsibirin Rotuma na ƙasar Fiji, ya zo Cork yana ɗan shekara goma sha ɗaya bai taɓa riƙe sanda ba. Makaranta da kulob na unguwa suka karɓe shi. Yana cikin tawagar da ta doke Cody a 1999 da 2004, ya zama gwarzon shekara a 2004, a 2005 ya ɗaga kofin Liam MacCarthy ya yi jawabinsa gaba ɗaya da harshen Ayilan. Zak Moradi, Bakurde da aka haifa a Iraƙi cikin gudun hijira, ya ci kofin Lory Meagher da Leitrim a 2019, Leitrim ɗin da shekara huɗu bayan nan aka so a cire daga lig. Duk inda ka bi labarin irin waɗannan za ka tarar da wani babba guda da ya tsaya ya koya wa yaro riƙon sanda. Yaran Afirka da na gabashin Turai da na Asiya sun cika azuzuwan garin Longford. Gundumar da ake cewa ba ta da isassun 'yan wasa, ga 'yan wasan nan zaune a kan benci suna jiran wanda zai kira su.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a sa malamin firamare a tsakiyar duk wani shirin bunƙasa hurling. Ku zauna da kwalejojin horar da malamai, irin Mary Immaculate da ke Limerick da ta Drumcondra da ke Dublin, da kuma Cumann na mBunscol mai kula da wasannin firamare, a tabbatar duk ɗalibin malanta da ke so ya fita da sanin koyar da matakan farko na wasan. Malaman da ke bakin aiki a ƙananan gundumomi a kawo musu horon har gida, a ba kowace makaranta buhun sanduna da huluna da za su zauna a makarantar. Mai horarwa na ziyara yana da amfani, amma a mayar da aikinsa koyar da malamin da zai rage bayan ya tafi.

Muna roƙon ku nemi Brian Cody da almajiransa su sa hannu a wannan. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen da suka fito daga hannunsa sun riga sun nuna suna iya kai ilimin waje: Eddie Brennan ya kai Laois ga kofin Joe McDonagh na mataki na biyu a 2019 har suka fitar da Dublin, Michael Fennelly ya riƙe Offaly, David Herity ya riƙe Kildare, Shefflin ya ci kofin kulob na ƙasa sau biyu da Ballyhale kafin ya tafi Galway. Ba muna neman su zo su horar da manyanmu ba. A haɗa kowace ƙaramar gunduma da wata babba, makaranta da makaranta, kulob da kulob, na shekaru, yaranmu su je can su buga, nasu su zo nan. Kuma a zauna da Cody a naɗi abin da ya sani game da koyar da ɗan shekara bakwai, tun yana da ƙarfin faɗa. An yi rubutu da yawa a kan yadda ya ci kofi. Yadda ya koyar a aji da filin makaranta shi muke buƙata.

Muna roƙon majalisarku ta fito ta faɗa a fili cewa ba za a sake kawo batun cire wata gunduma daga lig ba, kuma kujerar shugaban hurling na ƙasa ba za ta sake zama babu kowa ba.

Muna roƙon a buɗe wa makarantu da kulob na ƙananan gundumomi GAA+ kyauta, kuma a kowace kaka a ware manyan wasannin lardin Munster da za a nuna wa kowa ba tare da biya ba.

A kan wariya, muna roƙon hanya guda mai sauƙi: lamba ko adireshi da uba zai kai ƙara ba sai ya bi ta hannun kulob ɗin da yake jin kunya ba, a sanar da shi abin da aka yi, a kuma koya wa alƙalan wasan yara abin da za su yi nan take. Tare da wannan a fitar da 'yar takarda ga masu horarwa a kan azumi da tufafi, da wata ga iyaye baƙi a harsunan da ake ji a garuruwan nan. Ta Hausa mu za mu rubuta muku ita, ba ma son ko sisi.

Na ƙarshe, ku kira mu aiki. A cikinmu akwai direbobi, akwai ma'aikatan jinya, akwai waɗanda suka koyar a makaranta a gida kafin su zo. A shigar da mu kwas ɗin farko na masu horarwa, a taimaka mana da takardun tantancewar 'yan sanda da ake buƙata kafin a yi aiki da yara, a sa lokacin da mai aikin dare zai iya zuwa. Ni da iyaye huɗu mun riga mun yi magana, a shirye muke mu fara a kaka mai zuwa. Muna gayyatarka, kai ko Malam Maher, ku zo Longford wata Asabar da safe ku ga yaran da idonku, ku zauna da iyayensu. Na ce wa ɗana ya ƙara haƙuri kaka ɗaya kafin ya yanke shawara, ya ce to.

Allah ya ja zamaninka, ya taya ka riƙo.

Naka mai biyayya,
Wani uba, a madadin iyaye Hausawa mazauna Longford da kewaye.